Ƙwayoyin da ba sa jan juna, me ke dunƙule su wuri guda?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a matakin digiri na biyu. Na rubuta kod da ke kwaikwayon ƙwayoyi 2,000 a cikin akwati, kowace tana tafiya da kanta ta inda ta fuskanta. Ban sa musu ƙarfin jan juna ko kaɗan ba, turewa ce kawai idan sun haɗu. Amma da na ƙara musu gudu sai suka taru suka yi ƙaton dunƙule ɗaya, sauran akwatin ya koma kusan wayam. Ni na zaci gudu watsa su zai yi, kamar yadda zafi ke watsa tururi. Kuskure ne a kod ɗina, ko kuwa irin abin da fari da tsuntsaye ke yi ke nan idan sun yi gungu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya, bari mu kwance su. Ta farko, shin ƙwayoyin da babu komai tsakaninsu sai ture-ture za su iya rabuwa gida biyu, kauri gefe guda, tsararo gefe guda? Za su iya. Abin sananne ne, masana na taƙaita sunansa da MIPS, ma'ana rabuwar da tafiyar ƙwayoyin kanta ke haddasawa. Sai dai kada ka saki jiki tukuna, domin akwai kurakuran kod da ke fitar da dunƙule mai kama da na gaske sak. Ta biyu kuwa, ko shi ne abin da fari ke yi, amsar a'a ce. Unguwarsu ɗaya, amma ba gida ɗaya ba.

Inda zaton ya kauce

Kwatanta gudu da zafi shi ne tarkon, kuma da wuya ɗalibi ya tsallake shi. A cikin gas, ƙwaya biyu in sun yi karo tsalle suke yi baya kamar ƙwallo, kuma zafi kaɗai ke yanke matsakaicin gudunsu, a cunkushe suke ko a sake. Shi ya sa tun daga aikin van der Waals na 1873 aka san cewa tururi ba ya komawa ruwa sai da jan juna.

Naka ƙwayoyin kowace da injinta. Ɗauki bakteriyar E. coli, wadda Howard Berg ya bi diddigin tafiyarta a 1972: tsawonta kamar maikromita 2, tana gudun maikromita 20 zuwa 30 a sakan, ta miƙe na kimanin sakan ɗaya, ta yi wuntsile na kashi ɗaya cikin goma na sakan, ta ɗauki sabuwar alƙibla. A wannan ƙanƙanta ruwa ya fi mata zuma danƙo. Lambar Reynolds ɗinta, wadda ke gwada ƙarfin zamewa da danƙon ruwa, kusan ɗaya cikin 100,000 ce, don haka da ta daina kaɗa bulalarta za ta tsaya cak, ba ta zamewa ko faɗin ƙwayar zarra. A irin wannan duniya babu tsalle baya. Biyu suka yi gaba da gaba, sai su tsaya kamar raguna sun haɗa ƙaho, kowa na turawa, ba mai matsawa. Abin da zai raba su ɗaya ne, wato hargitsin da ke juya fuskar kowace a hankali, wanda muke aunawa da Dr. Sai an ɗauki lokaci kusan 1/Dr kafin ɗaya ta karkata ta sulale. To in kafin nan ta uku ta iso ta dafa su, ta huɗu ta biyo, an kafa tushen dunƙule. Ƙarin gudu ba ya gaggauta juyawar, sababbin zuwa kawai yake gaggautawa.

Ka tsayar da hoton kwaikwayonka, ka zana wa kowace ƙwaya kibiya mai nuna inda ta fuskanta, ka dubi bakin dunƙulen. Kusan duk kibiyoyin bakin ciki suke kallo. Ba umarni aka ba su ba, tacewa ce: wadda ta kalli waje ta riga ta tafi, wadda ta kalli ciki ce ta rage. Waɗannan 'yan turin su ne ganuwar da ke riƙe da na tsakiya, alhali na tsakiyar kibiyoyinsu a warwatse suke, kowa da inda ya nufa. Redner da Hagan da Baskaran na jami'ar Brandeis sun mayar da wannan hoton lissafi a 2013: shigowa tana tafiya da yawan tsararo sau gudu, fita tana tafiya da Dr. Inda biyun suka yi kunnen doki, nan girman dunƙulen yake tsayawa.

Akwai hanya ta biyu ta kallon abin, wadda ta fi zurfi. Schnitzer ya nuna a 1993 cewa ƙwayoyi masu irin wannan tafiya suna taruwa inda gudunsu ya ragu, yawansu a kowane wuri yana bin 1/v, inda v shi ne gudunsu a wurin. Duk mai shiga mota ya san wannan: inda titi ya farfashe nan motoci suka fi yawa, ba don direbobi na son ramuka ba. Har an yi wasa da ƙa'idar a 2018, a Rum da Edinbara, da bakteriyar da aka gyara ta yadda haske ke ƙara mata gudu. Aka haska mata hoto, ta taru a wuraren duhu, hoton ya fito. Rabin zancen ke nan. Ɗaya rabin shi ne inda ƙwayoyi suka yi yawa suna tare wa juna hanya, gudu ya ragu. Julien Tailleur da Michael Cates suka haɗa rabin biyu a 2008: raguwar gudu na jawo taro, taro na ƙara rage gudu. Sharaɗinsu mai sauƙin riƙewa ne. Idan ƙarin yawa da kashi ɗaya cikin ɗari yana rage gudu da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari, shimfiɗar bai-ɗaya ba za ta ɗore ba. A ƙwayoyi masu siffar faifai irin naka, gudu yana sauka kusan a miƙe, v = v0(1 − ρ/ρ*), inda v0 shi ne gudun ƙwaya ita kaɗai, ρ yawan ƙwayoyi a wurin, ρ* kuma yawan da tafiya ke tsayawa gaba ɗaya. Saka shi cikin sharaɗin da hannunka, za ka ga rikicin yana farawa daga rabin ρ*. Fily da Marchetti ne suka nuna a kwamfuta a 2012 cewa turewa zalla ta isa ta kawo wannan.

Lambar da ke yanke hukunci

Gudu shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Abin aunawa shi ne nisan da ƙwaya ke ci kafin ta manta alƙiblarta, v0/Dr, idan aka gwada shi da faɗinta σ. Yawancin takardu suna rubuta shi a matsayin lambar Péclet, Pe = 3v0/(σDr). Da wannan ma'anar, a fili mai tsawo da faɗi kawai, rabuwa na bayyana ne daga Pe kimanin 40 zuwa sama, wato ƙwaya ta ci ninkin faɗinta 13 ko fiye kafin ta juya, kuma ya fi sauƙin gani idan ƙwayoyin sun rufe kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na filin. Ka lura, wasu marubuta ba sa sa 3 ɗin, wasu da rabin faɗi suke aiki. Kafin ka ce sakamakonka ya saɓa wa na wani, duba ma'anar Pe ɗinsa. Rabin gardamar ɗalibai a kan wannan batu daga nan take.

Yadda za ka tantance naka

Fara da ƙwaya ɗaya tak a akwatin, kafin komai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ninka hargitsi da dt, wato tsawon lokacin kowane taki, maimakon √dt. Daidai shi ne a kowane taki kusurwa ta canza da √(2Dr·dt) sau lambar caca ta Gauss. In ka sa dt a wajen alamar √, kuma dt ɗinka 0.00001 ne, ka rage Dr na haƙiƙa sau 100,000 ba ka sani ba. Ƙwayoyin za su zama masu taurin kai, ba sa juyawa, su dunƙule a kowane gudu. Gwajin: matsakaicin cos na canjin kusurwa dole ya sauka kamar exp(−Dr·t), kuma a dogon lokaci yaɗuwar ƙwayar ta kai Dt + v0²/(2Dr), inda Dt shi ne yaɗuwarta idan v0 sifili ne. In waɗannan biyu ba su fito ba, kada ka ɓata wuta a kan ƙwaya 2,000. Wata alamar kuskuren ita ce in ka raba dt biyu sakamako ya canza.

Sai ƙarfin turewar. Galibi ana amfani da WCA, wanda ƙarfin Lennard-Jones ne, mai turewa a kusa da jan juna a ɗan nesa, da aka datse a 1.122σ, daidai inda turewa ke ƙarewa ja ya fara, aka ɗaga shi ya koma sifili a nan. Wanda ya kwafo kod daga darasin ruwa na yau da kullum yakan bar datsewar a 2.5σ, ya shigo da jan juna ta bayan gida. Shaidarsa a fili take: mai da v0 sifili. Dunƙulen MIPS narkewa yake yi, domin 'yan turin bakin sun ajiye aiki. Wanda jan juna ke riƙe da shi yana nan daram. In duka biyun suna aiki za ka ga abin mamaki, dunƙule a ƙaramin gudu, watsewa a matsakaici, dunƙule kuma a babba.

Ka ce "akwati", ban san ko mai bango ba ne. In mai bango ne, cire shi. Ƙwaya mai injin kanta idan ta ci karo da bango tana manne da shi har sai ta juya, don haka za su yi layi a jikin bangon ko da Pe bai kai ko'ina ba. Wannan wani abu ne dabam. Yi amfani da akwatin da wadda ta fita ta dama za ta shigo ta hagu, kuma ka tabbata lissafin nisa yana ɗaukar mafi kusa ta ƙetaren iyakar.

Girman akwatin naka ma ya yi kaɗan. Ƙwaya 2,000 a cikar kashi 60 cikin ɗari suna ba da akwati mai faɗin 51σ. A Pe = 100 nisan miƙewa 33σ ne, ƙwaya ta ci kusan kashi biyu cikin uku na akwatin kafin ta juya sau ɗaya. Koma 10,000 aƙalla, faɗi ya zama 114σ. A nan dole ka raba filin ƙananan ɗakuna, kowace ƙwaya ta duba ɗakinta da takwas na kewaye kawai, in ba haka ba kana lissafin nisa miliyan 50 a kowane taki. Game da dt, ƙa'idar aiki ita ce v0·dt kada ya wuce kusan ɗaya cikin dubu na σ. Kuma kada ka watsa ƙwayoyin farko da ka, domin biyu in suka hau kan juna ƙarfin WCA zai harba su waje, lambobi su lalace tun takin farko. Jera su a sahu, ko ka bar su su saki jiki da v0 sifili da ƙanƙanin dt tukuna.

Akwai wata matsala mai ɓoyewa. WCA ba dutse ba ne, yana lotsawa. In kana ɗaga Pe ta hanyar ƙara v0 kana barin ε, ma'aunin ƙarfin turewar, yadda yake, ƙwayoyin suna ƙara nutsewa cikin juna, faɗinsu na aiki yana raguwa, har a babban gudu rabuwar ta ɓace ka ɗauka sabon abu ka gano. Maganin da Stenhammar da abokan aikinsa suka bi shi ne a kafe ƙarfin tuƙi a 24ε/σ, wanda shi ne ƙarfin WCA daidai a nisan σ, a riƙa canza Pe ta rage hargitsi. Ma'auni mai sauƙi: faifai masu tauri ba sa rufe fiye da kashi 90.7 cikin ɗari na fili. In dunƙulenka ya wuce haka, matsewa suke yi.

Bayan duk wannan sai babban gwaji, domin ido yana ruɗi. Raba filin murabba'ai masu faɗin 5σ zuwa 10σ, ƙirga cikar kowane, ka tara a hotuna da yawa, ka zana jadawalin. Shimfiɗar bai-ɗaya tozo ɗaya take bayarwa, rabuwa ta gaske tozo biyu. Sannan ka sake gudanarwa a cikar kashi 50, 60 da 70 a Pe ɗaya. Tozon biyu bai kamata su gusa daga wurarensu ba, tsayinsu ne kawai zai canza, kamar yadda ƙarin ruwa a tukunya rufaffiya ba ya canza kaurin ruwan ko na tururin, sai dai rabonsu. Akwati mai tsawo ninki uku na faɗinsa ya fi kyau a nan, domin kaurin yana zama ɗamara mai baki biyu miƙaƙƙu, aunawa ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da lokaci kuma. Ƙananan dunƙulaye suna haɗewa ne a hankali, girmansu na bin kusan t^(1/3), wato ninka girma sau biyu na cin lokaci sau takwas. A gefen iyakar rabuwa kuwa tsararo na iya daɗewa bai fashe ba. In kana shakka, dasa dunƙule da hannu tun farko ka ga zai girma ko zai narke.

A ɗakin gwaji abin bai kai haka tsabta ba

Ƙwayoyin roba ko gilashi da ake yi wa wannan aiki ana kiransu Janus, sunan wani gunkin Rumawa mai fuska biyu, domin rabi ɗaya kawai ake shafa wa wani abu. Howse da abokansa a Sheffield sun shafa wa nasu filatinam a 2007, suka sa su cikin haidurojin feroksaid, rabin da aka shafa yana rusa sinadarin, ƙwayar ta tafi. Dr a nan ba kai ke zaɓa ba, yana bin kT/(8πηR³), inda kT ke auna zafi, η danƙon ruwan, R rabin faɗin ƙwayar. Ƙwaya mai R na maikromita 1 a ruwa tana manta alƙibla cikin sakan 5 zuwa 6, don haka Pe = 40 na neman gudun kusan maikromita 5 a sakan. Ninka R sau biyu, lokacin ya ninka sau takwas, gudun maikromita 1 da ɗan ɗori ya wadatar. Dalilin da masu gwaji ke son manyan ƙwayoyi ke nan.

Matsalar ita ce sinadarin da ke tuƙa ƙwaya yana kuma jawo maƙwabciyarta. Shahararren gwajin Palacci da abokansa a New York a 2013, inda ƙwayoyi masu ɗan dutsen hematayit suke yin dunƙule idan an kunna shuɗin haske su watse idan an kashe, akwai irin wannan jan a ciki, ba MIPS zalla ba ne. Wanda ya fi kusa shi ne na rukunin Bechinger a Stuttgart a shekarar, ƙwayoyin silika masu hular kabon a cikin gaurayen ruwa da lutidin da aka riƙe ƙasa kaɗan da digiri 34, inda haske ke ɗumama hular ta raba gaurayen a gefenta kawai. Ruwan da ƙwayoyi ke turawa ma yana juya maƙwabta, ya gajarta riƙon ƙahon. Siffa kuma tana da tasiri: sanduna in sun yi karo karkata suke yi su kwanta gefe da gefe su wuce, shi ya sa da wuya ka ga MIPS mai tsabta a bakteriya masu tsawo.

Kada kuma tozo biyun su sa ka ɗauka littafin ilimin zafi gaba ɗaya ya dawo aiki. A 2015 an auna ƙarfin ɗaurin fatar, wato iyakar da ke tsakanin kauri da tsararo, a irin kwaikwayonka, aka same shi ƙasa da sifili, alhali fatar ba ta rushe ba. A shekarar Solon da abokansa suka nuna cewa matsin da irin waɗannan ƙwayoyi ke yi wa bango, in bangon na iya juya su, ya danganta da irin bangon, abin da ba ya faruwa a gas. A manyan kwaikwayo za ka ga kumfar tsararo tana ɓullowa a tsakiyar dunƙule. Ba kuskuren kod ba ne.

Fari da tsuntsaye

Ga bambancin a lamba ɗaya. Tara kibiyoyin ƙwayoyinka duka ka raba da adadinsu. A MIPS amsar kusan sifili ce, kamar 1/√N, inda N shi ne adadin ƙwayoyin, domin dunƙulen ba ya zuwa ko'ina. A garken da ke tafiya tare amsar na kusantar ɗaya. Wancan tsarin Tamás Vicsek na Budapest ne da abokansa, na 1995: kowace ƙwaya tana ɗaukar matsakaicin alƙiblar maƙwabtanta, a ƙara ɗan hargitsi, gudu kuwa ba ya canzawa. A can koyi da maƙwabci ne jigo, a naka tarewar hanya. Toner da Tu suka bayyana a shekarar dalilin da ya sa irin wannan haɗin kai ke ɗorewa a shimfiɗaɗɗen fili, abin da ƙa'idar Mermin da Wagner ta hana a tsarin da ke zaune cikin daidaito. Shi ma yana da tasa rabuwar. Grégoire da Chaté sun nuna a 2004 cewa a bakin sauyin wasu ɗamaru masu kauri ne ke ratsa tsararo a guje. Ɗamarun kuma ba sa haɗewa su zama ɗaya kamar dunƙulenka, yawansu ne ke ƙaruwa.

Farin dango, irin waɗanda suka cinye gonaki a Nijar da Mali da Muritaniya a 2004, an daɗe ana kafa misali da su a nan. Buhl da abokan aiki sun zuba 'ya'yan fari marasa fiffike a wani zagayayyen fili a 2006. A ƙarancin yawa kowa na gabansa, a matsakaici suna tafiya tare amma suna juya alƙibla kwatsam, daga kimanin 74 a murabba'in mita kuwa suka riƙe hanya ɗaya tsawon awa 8. Ya yi kama da Vicsek ƙwarai. Amma kama da wane ba ta wane. An gano a 2008 cewa cizon da na baya ke kai wa na gaba yana cikin abin da ke kora tafiyar, sannan wani aiki na rukunin Iain Couzin a Konstanz a 2025, da aka sa fari cikin hotunan kwamfuta masu kewaye su, ya nuna ba matsakaicin alƙiblar maƙwabta suke ɗauka ba, bin waɗanda suke gani suke yi. Tsuntsayen da ke rufe samaniyar Rum da yammacin hunturu ma, da rukunin da Giorgio Parisi ke ciki ya ɗauke su da kyamarori ya fitar da sakamako a 2008, an ga kowane yana kula da maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa ne, komai nisansu, ba duk wanda ke cikin wani da'ira ba. Don haka idan ka ga jan-baki sun turnuƙe kan gonar shinkafa, tsarin Vicsek zai ba ka tambayoyin da za ka yi, amma dokar da tsuntsun ke bi sai an auna ta a jikinsa.

In kana son ganin iyakar gidajen biyu a kod ɗinka, bayan ya ci gwaje-gwajen sama, ƙara layi ɗaya a lissafin kusurwa: K sau jimlar sin(θj − θi) a kan maƙwabtan da ke cikin 1.5σ, inda θi ita ce kusurwar ƙwayar, θj ta maƙwabciyarta, K kuma ƙarfin koyi da maƙwabci. Fara da K sifili a Pe = 100, ka riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan ana gwada shi da Dr, a kowane mataki ka ajiye abu biyu, jadawalin tozo da matsakaicin kibiya. Ka sa ido musamman a kan kibiyoyin bakin dunƙulen, domin nan ne koyi da maƙwabci yake fara karo da tsarin 'yan turi.